Zuciyar da Likita Ke Nufi

Shekarar da aka gano yayata tana da ciwon dajin nono, sai ta baro Rimaye ta dawo gidanmu na Kankia, don ya fi mata sauƙin hawa mota zuwa asibiti a Katsina. Maigidana ne ya raka ta ranar da aka fara ɗaura mata maganin, wani jan ruwa mai shiga ta jijiya. Da suka dawo ya ja ni gefe, ya ce likita ta yi gargaɗi: maganin nan yana taɓa zuciya, a kula mata da zuciyarta sosai.

Mu kuwa muka kula. Yaya mace ce mai son musu, ko gari ka ce ya waye sai ta leƙa ta gani. Daga ranar babu mai musa mata. Ta ce fari, mu ce fari ƙal. Na hana ta ko tsinke ɗauka, na shimfiɗa mata katifa, ina ta haɗa mata farfesu da ya ji gishiri da magi. Da akuyarta ta mutu a ƙauye, muka ɓoye mata.

Sai Yaya ta fara yin shiru. Wata ranar Juma'a ina shafa mata man zaitun a kai, inda gashin ya zube, ta riƙe hannuna.

"Ke, faɗa mani gaskiya. Mutuwa aka ce zan yi?"

"Subhanallahi, Yaya, wa ya ce?"

"Jiya na ce tuwonki ya yi gudaji, ƙarya nake, kika ce in yi haƙuri. Ke ɗin? Mai tafiya kawai ake yi wa haka."

Da ranar komawa ta zo, ni na bi ta, na zayyana wa likitar duk ƙoƙarinmu. Ta yi dariya har ta cire tabarau.

"Hajiya, tsokar nake nufi, wadda ke harba jini. Ita maganin ke iya gajiyarwa."

Ta sa aka ɗauki hoton zuciyar, muka gan ta a allo tana motsi, lafiya lau, alhamdu lillahi. Ta ce a rage gishiri, Yaya ta riƙa ɗan tattaki kullum, kar ta yi fashin ƙwayar hawan jininta, in ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya mu zo ba jira.

"Musu fa, likita?" in ji Yaya.

"A yi ta yi."

Tun a mota na faɗa wa Yaya zancen akuya. Ta yi salati, ta wanke ni tas har muka wuce Charanchi, fasinjoji na ba ta haƙuri. Ina sharar ƙwalla ina dariya.

Bayan la'asar muka saka hijabai muka taka zuwa bakin rijiya, tana haki kaɗan, tana ce mani tafiyata ta agwagwa ce.