Ranar da muryata ta riga ni zuwa Jushi

Shekarun baya kaɗan, lokacin muna haya a Samaru, akwai abin da ya hana ni sukuni. Ɗana na fari ya kusa shekara uku bai taɓa cewa ko "Mama" ba. Yaran da aka haifa bayansa har zagi sun iya, shi kuwa sai dai ya ja zanina ya nuna abin da yake so. Idan muka je gaida surukata a Jushi, goya shi nake yi in ce barci yake ji. Tsorona kada dangin mijina su gane, a ce daga wajenmu ya gado.

Maigidana in na taɓo zancen sai ya ce, "Ki bar shi, ni ma an ce ban yi baki da wuri ba." Da sassafe yake fita shagonsa a Sabon Gari, ya dawo a gajiye. Dangina suna ƙauye. Gidan hayar kuma kusan duk ɗaliban jami'a ne, Hausarsu rabi Turanci, ni ko firamare ban ƙare ba, don haka gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Haka nake yini, daga ni sai yaron da ba ya amsa mini.

Ana nan sai wata ɗaliba mai karatun aikin jarida ta kama ɗakin da ke kallon nawa. Ita ce ta fara shigo mini ba don aron ashana ko bokiti ba. Ta leƙo ta ce, "Anti, ƙamshin miyar nan zai kashe ni, ki taimaki baiwar Allah." Ta zauna a tabarma ta ci, ta wanke kwanon da kanta. Daga ranar kusan kullum sai ta shigo. Yarinyar ta iya sauraro. In kina magana ba ta katse ki, sai dai ta ce, "To sai aka yi yaya?" Ita kaɗai na buɗe wa cikina kan yaron.

Da aka tura ta koyon aiki wani gidan rediyo, aka ce kowa ya haɗa ɗan gajeren shiri. Ta zo tana murza hannu.

"Anti, don Allah ki bari in ɗauki labarinki. Wallahi ba zan sa sunanki ba, ko unguwa ba zan faɗa ba."

Na ce, "Wa zai ji?"

"Oganmu ne zai saurara ya ba mu maki. In ya yi kyau ƙila a sa."

Wannan "ƙila a sa" ɗin ban riƙe shi ba. Ni dai na ji daɗi wani na son maganata. Ranar ɗaukar har kwalli na zizara, na ɗauko mayafin fita unguwa, sai ka ce rediyo yana da ido. Ta rataya bargo a taga saboda ƙarar injin markaɗen maƙwabta, ta ɗora wayarta a kan filo tsakaninmu. Da farko sai kallon wayar nake yi. Can sai na manta da wayar, na ga ƙawata ce kawai a gabana. Na faɗi komai, har da yadda nake ɓoye yaron a baya don tsoron uwar mijina.

Shirin ya yi kyau, aka sa shi wata safiya. Ni ban ma ji ba, ina tsakar gida ina wanki. Surukata kuwa rediyonta ba ya barin gefenta, ko tsintar shinkafa take yi yana nan yana magana.

Kafin azahar na ji sallamarta. Matar da ba ta taɓa zuwa babu sanarwa ba. Na shimfiɗa mata darduma, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice ta ce, "Kawo min shi." Ta zaunar da shi yana wasa da murfin kwalba, ta zagaya bayansa ta saki farantin silba a ƙasa. Ni na zabura. Shi bai ko waiga ba.

Ta daɗe tana kallonsa kafin ta juyo.

"Ke, muryarki ko a tsakiyar kasuwa na ji ta zan gane. Duk Zariya ta ji halin da jikana yake ciki, ni sai a rediyo? Kuma wai ni kike tsoro."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai ina cewa, "Ki yi haƙuri, Inna," ban san sau nawa ba.

Da yamma ƙawar tawa ta shigo da gudu, ko takalmi ba ta cire daidai ba. "Anti, an sa! Oga ya ce nawa ya fi na kowa, mata sai bugo waya suke yi!" Sai ta ga fuskata. Na gaya mata wadda ta zo. Ta ce, "Amma na cire sunanki fa."

Na ce, "Muryar fa?"

Ta zauna a bakin gado ta fara kuka. Ƙarshe ni ce mai lallashi, har na zuba mata abinci.

Surukata ce ta tsaya aka kai yaron asibiti a Shika, aka gano kunnensa ne ba ya ji sosai. Aka ɗora shi a kan kulawa, yanzu yana makaranta, yana magana, harshen da ɗan nauyi amma har gardama yake yi da ni. Ba ta taɓa cewa daga wajenmu ya gado ba. Sai dai na daɗe kafin in iya haɗa ido da ita, maigidana ma ya yi kwanaki yana amsa mini da ka.

Na yafe wa yarinyar tun a ranar. Amma daga baya duk sanda ta shigo sai in kama idona a kan wayarta. Ta lura, ta riƙa barinta a ɗaki, duk da haka hirar ba ta koma yadda take ba. Zuwan ya ragu, ta gama karatu ta kwashe kayanta. Na koma yinina ni kaɗai, kuma ya fi na da nauyi, don yanzu na san daɗin samun mai ji.

Mutane kan ce ai alheri ne ya fito, kuma ban musa ba. Amma maganar tawa ce, ni ya kamata in kai ta Jushi da ƙafata ranar da na shirya. Yarinyar ba muguwa ba ce. An koya mata yadda ake ɗaukar murya ta fita tas, ba a gaya mata mai muryar tana da gidan da za ta koma ba.

Don haka ku ƙannena masu shirin shiga aikin rediyo ko talabijin, ga roƙona. Kafin ku danna wayar nan, ku gaya wa mutum a fili cewa har 'yan gidansu za su iya ji. In ya ji tsoro, ku nemi wani ya karanta maganar a madadinsa. Kuma don Allah ku sanar da shi ranar da za a sa, kada ya zama shi ne na ƙarshen sani.