Kamshaf ɗin tsere da mahautan Jega

Jama'a, yau an kore ni daga tasha, kuma wallahi ko a jikina!

Kun san na gyara injin motata. Bakanike yac ce in zaɓi kamshaf, wani ƙarhe na cikin inji, ko na gida mai lahiya ko na tsere. Nic ce na tsere! Yac ce, "In tana tsaye kakkarwa za ta yi hwa." Nic ce sa min.

Da sahe na shiga layi, mota na ta bugum-bugum-bum. Hwasinjojin Maiyama duk sunka sauka! Wata tsohuwa tac ce, "Ɗana, motag ga hwarhwaɗiya gare ta." Shugaban tasha yac ce, "Ko ka cire ƙarhen nan, ko ka bar layi."

Na bar layin! Nit tsaya bakin rumhwar mahauta ina huci, inji na bugawa. Sai ga mahauta sun aje wuƙaƙe suna taka rawa! Wai bugun injin sak kiɗin kalangunsu! Sarkin Hwawa yac ce, "Kai yaro, kak ka kashe ta! Daga gobe kai za ka riƙa kai muna nama Aliero."

Kamshaf ɗin nan ba ya hita, ko wa ya ce!