Kafaɗar Kawu Da Dashen Albasa

A matsayina na babban likitan gashin ƙashi daga Wurno har Goronyo, ina jan kunnenku.

Wani dattijo ya faɗi da mashin a Achida, kafaɗa ta ƙage, ga dashen albasa ya matso. Munka koya wa ɗan ƙanensa tausa da tafin hannu, a hankali.

Da sunka koma gida, dattijon ya ce, "Wagga ai shafa ce. Hau ka taka ni yadda anka saba."

Yana hawa, ihu ya tara makwabta.

Dattijon ya ce, "Mi kac ci yau, buhun gero?"

Yanzu gashin ƙashi ya koma farko, albasa kuwa ɗan ƙanen zai dasa ta shi kaɗai.

To, ni ba likita ba ne. Ni Sanusi ne, ɗan ƙanen da ya taka shi. Tsakani da Allah, laifin wa?