Gidan Ragowar Fenti

Duk baƙon da ya shigo unguwar nan ta bayan gari yana neman wani, kwatance ɗaya ake yi masa: ka wuce gidan mai fenti, sai ka yi dama. Ba mai ɓata, domin gidan ba ya ɓuya. Katangar gaba shuɗiya ce zuwa rabi, daga nan ta koma ruwan ƙwai. Ƙyauren ja ne, kicin kore, ɗakin yara kuwa ko mai gidan sai ya yi tunani kafin ya faɗi launinsa.

Mai fentin ya tare a nan tun unguwar tana fili, daga shi sai ciyawa da tulin bulo. Gidajen da suka tashi daga baya kusan duk shi ya shafe su. In ya gama aiki aka ce ya tafi da ragowar da ke gindin bokiti, ba ya sayarwa, ba ya ajiyewa. A ranar zai shafa ta a gidansa, inda ta ƙare nan ta tsaya. In an tambaye shi dalili, sai ya ce fenti ba ya son jira.

Matarsa ta sha takaicin wannan abu. Ta yi mita har ta gaji, wai ita kaɗai ce a layin mai gida kamar hawainiya. Burinta bai taka kara ya karya ba: gida mai launi ɗaya irin na mutane. Shi kuwa sai ya ce to, in Allah Ya yarda, washegari ya dawo da wani bokitin. Hali dai zanen dutse ne.

Sai da gwiwa ta fara hana shi hawa tsani, sannan babban ɗansu ya sauke musu farin fenti wanda zai ishi gidan ciki da waje. Ta yi murna ƙwarai. Tsohon bai yi musu ba, sharaɗinsa kawai shi zai shafa da hannunsa.

Ta jawo kujera ta zauna don kada ya yi mata wayo. Abin da ya ba ta mamaki, kafin ya rufe kowane launi sai ya faɗi na wa ne. Shuɗin na malamin makarantar da ya sayar ya koma garinsu ne. Ruwan ƙwan na direban da aka rushe gidansa aka yi shaguna. Ta shiga tambaya, wannan fa, wancan fa, har ta lura kusan babu launin da ya rage a gidan da aka samo shi.

Da suka iso bangon kicin, ya tsoma burushi ya ce koren na maƙwabciyarsu ta farko ne, wadda ta yi ta miƙo musu ruwa ta kan katanga kafin a ja musu famfo, wadda kuma ta karɓi haihuwar ɗan nan da ya kawo farin. Ta rasu tuntuni, magada sun sayar, sabon mai gidan ya lulluɓe komai da tayil. Matar mai fentin ta yi shekara da shekaru tana girki a jikin bangon nan ba ta taɓa tambaya ba, abin kuwa ya yi mata ciwo.

"Malam, dakata," ta ce.

"Ai launi ɗaya kika ce."

"Na ce. Bar min wannan."

Ya dubi bangon, ya dube ta. "Shi ya fi kowanne koɗewa fa."

"Na gani. Zagaye shi ka wuce."