Gudan Jini a Cikin Ƙwarya

A shekarar da ɓarayin daji suka tashe mu daga Wagini muka kama ɗaki ɗaya a Batsari, ƙafar uwargidana ta hagu ta kumbura. Mace ce da ta saba da gona da rijiya, sai ga ta wuni guda a kan tabarma. Sharaɓar ta yi zafi, fatar tana sheƙi.

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki, don haka na fara da asibitin gari. Ma'aikacin da ya duba ta ya ce yana zaton jini ne ya daskare a jijiya. Kada a matsa, kada a yi ƙaho, a wuce Katsina. Da jin Katsina ta ce ba ta zuwa. A can aka yi wa mahaifiyarta tiyata ba ta tashi ba, kuma tun ranar asibitin birni da wuƙa abu ɗaya ne a wurinta.

Sai ƙaninta ya shigo maganar. Ya gani a waya wai likitocin ƙasashen waje suna farfasa gudan jini da sauti, ba yanka ba ɗinki. Ranar kasuwa ya zo mini da wani mutum mai farar riga da ƙaramar jaka, wai daga Safana. Ina da dangi a Safana, ban taɓa jin labarinsa ba.

Mutumin ya fito da na'ura mai kama da ta aski, amma ta fi girma. Ya kunna ta, ta kama ruri har kajin maƙwabta suka watse.

"Ka ji sautin ko, Yaya?" in ji ƙanin. "Ko shi ma sai ya kawo maka shaidu?"

Na ce wa ƙanin ya zauna. Na tambayi baƙon inda ya koyi aikin, ya ce Abuja. Na tambaye shi yadda zai gane inda gudan yake, tunda ido ba ya ganin cikin nama, ya ce na'urar ke nemo shi. Na ce in ya fashe fa? Ya ce narkewa yake yi kamar gishiri a ruwa. Amsoshin sun zo da sauri fiye da yadda nake so.

Uwargida ta riga ta miƙe ƙafa. "Malam, ka bar bawan Allah ya yi aikinsa."

Na ce a jira ni. Na je mahauta, na roƙi jinin bijimi wanda ya daskare, na kawo shi a ƙwarya na ajiye gaban baƙon.

"Narkar da wannan tukuna."

"Ai jinin dabba daban ne, Malam."

"Ya fi na mutum tauri ne?"

Maƙwabta sun taru a bakin ƙofa, bai sami hanyar ƙi ba. Ya ɗaure kan na'urar da leda ya tsoma. Jinin ya yi rawa, ya fantsamar masa a riga, ya rarrabu. Bai narke ba. Ƙananan gudaji ne suka cika ƙwaryar, wasu kamar wake, wasu sun fi.

"Ga shi nan ya fashe," in ji baƙon, ƙanin kuma yana gyaɗa kai.

Uwargida ta jawo ƙwaryar, ta daɗe tana kallo. "To waɗannan 'ya'yan, a jikina ina za su nufa?"

Baƙon ya ce fitsari za su bi. Ta janye ƙafarta, ta rufe da zane.

Washegari, sai da rana ta ɗaga motoci suka fara bin hanya, sannan muka shiga bas zuwa Katsina. Likitar, wata mace mai ƙarancin magana, ta shafa wa ƙafar wani abu mai santsi, ta ɗora tata na'urar. Ban ji komai ba. Na ce ko ba a kunna ba ne. Ta ce sauti ne da ya wuce jin kunne, da shi take ganin jijiyar, ta nuna mini wani duhu a allon na'urar. Na kalla, ban gane ba, ban kuma ce na gane ba.

Na tambaye ta batun farfasa jini da sauti. Ta ce akwai shi, ana ta gwaji a wasu ƙasashe, ana tattara sautin a wuri ɗaya ana kuma kallon inda yake sauka, amma babu shi a nan. Ta ce ɓarɓashi in ya tsere yana iya toshe huhu. Allura ta rubuta, da ƙwayar da ke tsinka jini. Ba a ambaci wuƙa ba.

Ita ma ban sakar mata zuciyata duka ba. Kowace safiya nakan zagaya sharaɓar da igiya in ƙulla, in gwada da ta jiya. Makonni suka wuce kafin igiyar ta fara saura. Wata safiya da na zo da igiyar na tarar da tabarma babu kowa, maƙwabciya ta ce uwargida ta ɗauki bokiti ta tafi famfo. Na zauna na jira, don in ga ko tana ɗingishi.