Tabon Guga a Rigar Ponni

Shekara talatin ina shanya kusa da Thangavel a gidan wankinmu na birnin Kochi a Indiya, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Da gawayin ɓawon kwakwa yake guga, da wani dutsen guga da ya gada wurin ubansa. A lokacin wurin cike yake da hayaniya da ƙamshin sitaci. Yanzu mu tsofaffi kaɗai muka rage, kuma wallahi ina kewar har masifarsa.

'Yarsa ɗaya ce, Ponni. Ita ya koya wa sana'ar, ita kuma ta tattara ta kama aiki a ɗakin wankin wani katafaren jirgin ruwa mai yawo da masu hutu. Ranar da ta tafi ya ce wadda ta bar sana'ar hannu ta koma wa inji, ba shi da abin faɗa mata. Shekara huɗu in ta bugo waya, ni yake miƙo wa.

Sau ɗaya a shekara jirgin ke tsayawa a tasharmu, wuni guda. Fasinjoji su cika mota su zo su yi ta ɗaukarsa hoto, shi kuwa ya haɗe rai. Ma'aikata ba kasafai ake barinsu su sauka ba. Sai a shekara ta huɗu aka ba Ponni awa huɗu, ta shigo cikin farar rigar aikinta.

"Baba, na zo," ta ce.

Ko ɗagowa bai yi ba. Ta zauna a kan ƙullin wanki, na kawo mata shayi da soyayyar ayaba.

"Inna, kin tsufa."

"Ubanki ne ya tsufar da ni."

Awa uku tana zaune, shi yana ta gugar zannuwan otal. Raina ya ɓaci.

"Kai Thangavel, zanin gado ya fi 'yarka ne? Ƙarfe biyar jirgi zai tashi!"

"Ki ji da shanyarki," ya ce.

Ta miƙe za ta tafi, idonta ya ciko. Sai a lokacin ya dube ta.

"Wa ya goge wannan rigar?"

"Inji, Baba."

"Ai na gani. Dubi wuyan, kamar akuya ta tauna. Cire."

Na ba ta zane ta ɗaura. Ya shimfiɗa rigar, ya yayyafa ruwa, ya ƙara gawayi. Mutumin da ke gama riga kafin ka shanye shayi, ranar sai da ya kai rabin awa a kanta. Mai a-daidaita sahun da ya kawo ta yana ta danna oda a waje.

"Suna ba ki shinkafa a can?" uban ya tambaye ta.

"Suna ba ni."

"Da kifi?"

"Da kifi, amma ba tsamiya."

"To, abinci ne wannan?"

Ta yi dariya, ya tsaya yana kallonta. Ni na fara jin ƙauri. Ya ɗaga dutsen da sauri, ga shatinsa ja a kafaɗar rigar. Tunda yake bai taɓa ƙona kayan kowa ba. Tausayinsa ya kama ni.

"Na ɓata miki," ya ce a hankali. "Za su yi miki faɗa."

Ta karɓe ta saka da ɗuminta, tana ɓalla maɓalli tana kuka.

"Su yi mana. Sai in ce musu babana ne ya goge."