Tsagar da ke Ludayin Mma Azumi

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kashe mahaifiyata, Mma Azumi, a bakin rumfarta a unguwar Maamobi. Kashe ta aka yi, kuma ba zan sassauta maganar don kunyar kowa ba.

Maganin tsargiya da tsutsar ciki take sayarwa, jiƙon ɓawon marke da wasu saiwoyi da ake kawo mata daga arewa. Tana da ɗan ludayi da ta yi wa tsaga a ciki, iyakar abin da mutum zai sha ke nan a yini. Ba ta miƙa wa kowa magani sai ta kurɓa a gabansa.

Wani magini daga unguwar Kotobabi, da fitsarin jini ya ishe shi, ya shanye na mako guda a yini ɗaya, ya mutu. Washegari da hantsi 'yan'uwansa suka zo da sanduna. Suka farfasa tulunan magani, suka ja ta a ƙasa har bakin kwata, wani ya fasa mata goshi da dutse. Ina ta ihu, maƙwabtan da ta warkar wa 'ya'ya suna tsaye sun zuba ido. Har gobe ban yafe wannan tsayuwar ba.

"Guba ce! Sha mu gani!" in ji babbansu.

Ta fi kowa sanin abin da tulu guda zai yi wa cikin mutum. Amma biyu daga cikinsu sun riga sun shaƙe ni da mayafina. Ta rarrafa ta ɗaga tulun da ya rage, jinin goshinta na ɗiga ciki, ta shanye tas. Suka sake ni. Kwana uku ta yi tana amai kafin rai ya yi halinsa.

Bana wata malamar jami'a ta nemo ni. Suna gwada ɓawon marke a ɗakin bincike, ko akwai sinadarin da ke kashe tsutsa.

"Hajiya, itacen mun san shi," ta ce. "Awon ne ba mu sani ba."

Da Mma tana raye, dariya za ta yi ta ce sai yanzu? Sannan ta sa malamar ta kurɓa tukuna, ta ga yadda za ta yamutsa fuska.

Na ɗauko ludayin, ta auna, ta rubuta. Ta roƙi in bar mata shi, na hana. Sunayen saiwoyin sun bi Mma kabari. Abin da ya rage tsagar nan ce, wadda ta hana kowa wucewa, ita kuma ta wuce ta saboda ni.